Tambaya da Amsa: Mariƙin Gaban Bindiga, Wanne Ne Mai Ƙarfi Kuma Wa Zai Ɗaura Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni haifaffen Gwammaja ne, amma yau shekara 14 ke nan ina zaune a jihar Tekzas ta Amurka, inda nake aiki har na samu takardar zama ɗan ƙasa. A can na shiga ƙungiyar masu wasan harbin saiti, kuma na mallaki bindiga ƙirar AR-15 bisa dokar wurin. Mariƙin gaba da ta zo da shi na roba ne, kuma na lura cewa duk lokacin da na ɗora shi a kan madogari, wato abin da ake jingina gaban bindiga a kai yayin harbi, na danna, sai harsashi ya kauce daga inda na saba samunsa. Ina so in sauya shi da na ƙarfe mai kauri, irin wanda masu talla ke cewa ba ya lanƙwasa. Wanne zan zaɓa, kuma zan iya ɗaura shi da kaina? Sannan ina da kawu maharbi a nan gida, ina tunanin in sayi biyu in kawo masa ɗaya tsaraba a zuwa na gaba. Daga mai karatunku da ya zo hutu, Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, barka da zuwa, da fatan ka iske mutanen gida lafiya. Maganar tsarabar kawu zan bar ta zuwa ƙarshe domin tana buƙatar bayani, amma tun yanzu ka riƙe cewa amsarta a'a ce.

Saboda masu karatu da ba su san abin da muke magana a kai ba, mariƙin gaba shi ne sashen da ya lulluɓe bututun bindiga, inda mai harbi yake sa hannunsa na hagu idan shi badame ne. Aikinsa na asali shi ne ya raba hannu da zafin bututu, ya kuma ba mutum wurin riƙo. A bindigar da kake da ita akwai ƙarin aiki, domin a saman bututun akwai wani siririn bututun hayaƙi da ke mayar da ƙarfin harbi baya, kuma mariƙin ne yake kare shi daga bugu. Bindigar ta samo asali ne daga ƙirar Eugene Stoner a kamfanin ArmaLite cikin shekarun 1950, haruffan AR kuwa daga sunan kamfanin aka ɗauko su. Kamfanin Colt ya sayi ƙirar a 1959, daga baya ya fara sayar wa fararen hula samfurin da ke harba harsashi ɗaya a kowane jan kunama. Tun daga lokacin mariƙin da ake saka mata na roba ne mai ɓari biyu, wanda wani zobe ke riƙewa ta baya, wata hula ta ƙarfe da ke jikin bututu kuma ta riƙe shi ta gaba.

Wannan hular ta gaba ita ce tushen matsalar da ka lura da ita, kuma ka yi kyakkyawan lura. Tun da mariƙin yana rataye ne a jikin bututu, duk nauyin da ka ɗora masa, na madogari ne ko na jan maɗauri, bututun ne yake ɗauka. Ido ba ya ganin lanƙwasar da yake yi, amma a nisan mita 100 kaucewar da ba ta kai kaurin gashi ba a bakin bindiga tana zama tazarar da za a iya aunawa a jikin takarda. Saboda haka abin da kake buƙata shi ne mariƙin da ba ya taɓa bututu ko kaɗan, wanda ake ɗaurewa a kan babban notin da ke riƙe gindin bututu kaɗai, ya bar bututun yana shawagi a cikinsa. Da zarar ka samu irin wannan, matsalar kaucewa ta kau, ko da mariƙin siriri ne.

A nan ne nake so ka dakata kafin ka fitar da kuɗi, domin a wasiƙarka ka haɗa abu biyu da ya kamata a raba, wato kauri da ƙarfi. Masu talla sun san cewa hannun mutum yana yarda da abu mai nauyi, shi ya sa suke yabon kauri. Amma idan mariƙi zai ba da kai, da wuya ya ba da kai a tsakiyar jikinsa. A mahaɗa yake sakewa, wurin da ya kama noti. Mariƙi mai kaurin bango da ke riƙe da noti ta 'yan ƙananan kusoshi biyu masu danna shi daga gefe zai juya ko ya zame gaba ranar da bindiga ta faɗi, alhali wani siriri mai dogon noti na baƙin ƙarfe, mai maƙalai biyu da ke rungumar gangar jikin bindiga don hana shi juyawa, zai tsaya inda aka sa shi. Don haka idan ka ɗauki mariƙi a kanti, ka juya shi ka dubi gindinsa kafin ka dubi fuskarsa. Ka tambayi tsawon notin, ka tambaya ko na baƙin ƙarfe ne ko na alminiyam, ka ga ko akwai abin da ke hana mariƙin zamewa gaba bayan matsin kusoshi.

Kusan duk mariƙan da ake kira na ƙarfe alminiyam ne, wanda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Za ka riƙa cin karo da lambobi biyu, 6061 da 7075. Na biyun ya kusa ninka na farko wajen jure ja kafin ya tsinke, kuma ya fi tsada, amma wajen tauri, wato yadda suke ƙin lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi, kusan ɗaya suke. Yawancin mariƙai masu kyau da 6061 ake yin su, kuma ga mai zuwa filin harbi ranar hutu babu abin da zai rasa a cikinsa. Abin da na fi so ka duba shi ne rinin tauri da ake yi wa alminiyam da lantarki, domin shi ne yake hana shi karcewa da cinyewa.

Sai maganar wuraren ɗaura kaya. Tsohon tsari shi ne layin haƙora da ake kira Picatinny, wanda ya ci sunan wata ma'aikatar makamai ta sojan Amurka a jihar New Jersey, aka kuma amince da ma'auninsa a 1995. Mariƙin da ke da wannan layi a dukkan fuskoki huɗu shi ne mutane suka fi kira mai ƙarfi, kuma dogonsa kan kai wajen rabin kilo, ga shi yana cin tafin hannu. A 2014 kamfanin Magpul ya fito da tsarin M-LOK, inda ake huda dogayen ramuka a jikin mariƙi, mutum ya ɗaura abin da yake so a inda yake so, sauran wurin ya zauna sumul. Akwai wani tsarin mai suna KeyMod da ya riga shi fitowa a 2012, amma bayan gwajin da wata cibiyar sojan ruwan Amurka ta yi, wanda sakamakonsa ya fito a 2017, ya nuna M-LOK ya fi riƙe kaya idan bindiga ta faɗi, kasuwa ta karkata gare shi. Ra'ayina shi ne ka ɗauki M-LOK mai layin haƙora a sama kaɗai. Kai mai harbin takarda ne, abin da za ka rataya bai wuce madogari da maɗauri ba, kuma kowane giram da ka ƙara a gaban bindiga hannunka na hagu ne zai biya shi. Bayan harbi 30 a tsaye za ka ga bakin bindiga ya fara rawa, kuma rawar nan ta fi ɓata saiti a kan duk wata lanƙwasa da kake gudu.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa, wato zafi. Alminiyam yana ɗaukar zafi ya watsa shi fiye da katako sau ɗaruruwa, kuma noti yana kai masa zafin bututu kai tsaye. Wanda ya taɓa kama murfin tukunyar alminiyam a kan wuta ya san abin da nake nufi. Ranar Tekzas a watan Yuli ba ta da nisa da ta Kano a watan Afrilu, kuma baƙin mariƙi da aka ajiye a kan tebur a fili zai yi zafi tun kafin a harba ko ɗaya. Ka haɗa da 'yan marufan roba da ake maƙalawa a ramukan, ko safar hannu.

Game da tsawo, ka auna kafin ka saya. Idan bututunka inci 16 ne, wanda shi ne mafi gajarta da dokar tarayyar Amurka ta yarda da shi ga irin wannan bindiga ba tare da rajista ta musamman ba, mariƙi mai inci 13 zuwa 15 ya isa. Kada ya rufe ramukan da ke bakin bindiga inda wuta ke fita, domin wutar za ta daki cikinsa kusa da yatsunka. Haka kuma idan bindigarka tana da dogon saitin gaba mai kama da alwatika, sabon mariƙin ba zai wuce ta kansa ba sai an sauya saitin da gajeren mazaunin hayaƙi, wato ƙarfen da ke haɗa bututun hayaƙi da babban bututu, kuma wannan ne yake mayar da aikin daga na minti goma zuwa na gwani.

Shin za ka iya ɗaurawa da kanka? Mutane da yawa a can suna yi, amma shawarata a karon farko ka kai wa mai gyaran bindiga mai lasisi, ka roƙe shi ka tsaya ka gani. Dalilina shi ne notin nan. Shi ne yake riƙe bututu a jikin gangar alminiyam, kuma ana ɗaure shi ne da sifana mai awon ƙarfi, bisa adadin da kamfanin mariƙin ya rubuta, bayan an shafa wa haƙoransa giris don kada su cinye juna. Wanda ya ɗaure da ƙiyasi zai iya barin sa sako-sako, ko ya matse har ya murɗe gangar, musamman idan bai damƙe ta a mazaunin da aka yi dominta ba. Bututun hayaƙin ma dole ya wuce ba tare da ya gogi komai ba, in ba haka ba bindiga ta riƙa cijewa. Kuɗin waɗannan kayan aiki ya fi ladan gwani, ga wanda sau ɗaya zai yi. Ko wane ne zai yi aikin, kafin a taɓa sukudireba a cire gidan harsashi, a buɗe a duba mazaunin harsashi da ido da yatsa, a fitar da harsasai daga ɗakin baki ɗaya. Bayan an gama, ka zura takarda tsakanin mariƙi da bututu ka tabbatar ba sa haɗuwa, ka koma fili ka sake saiti daga farko, sannan ka sake duba kusoshin bayan fita ta farko.

Yanzu ga maganar kawu. Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, a wurin da ta fassara kalmar bindiga ta haɗa har da kowane sashe na jikinta. Ma'ana, abin da kake gani a matsayin guntun alminiyam mai ramuka, jami'in kwastam a filin jirgin Malam Aminu Kano yana da hurumin ya ɗauke shi a matsayin kayan bindiga da aka shigo da shi ba da izini ba, kuma cewa tsaraba ce ba za ta fitar da kai ba. Bayan haka, abin ba zai yi wa kawu amfanin komai ba, domin an ƙera shi ne ga gangar AR-15 kaɗai, babu ta inda zai kama a jikin bindigar maharbanmu. Idan ma wani maƙeri ya yi dabara ya liƙa masa shi, to ka jawo masa abin da ya fi asarar kuɗi, domin ka mayar da bindigar farauta mai kama da ta yaƙi. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16, maharba masu dawowa gida Kano don yin Sallah, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Allah ya jiƙansu da rahama. Idan bindigar toka ta isa ta sa a yi wa mutum wannan zato, ka yi tunanin wadda aka yi wa riga irin ta soja. Ka kawo wa kawu takalmin daji mai kyau da tocila mai ƙarko, zai sa maka albarka.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa. Ni dattijo ne, na haura shekara 60, kuma ina da bindiga mai baki biyu ƙirar waje wadda nake da lasisinta tun ina da ƙarfina. Katakon gaba ya tsage tun daga wajen kusa har kusan rabi, kuma yana motsi a hannuna. Na naɗe shi da robar tayar keke, ya ɗan kama. Yarana suna cewa in jefar da katako in sa a ƙera mini na ƙarfe mai nauyi wanda ba zai sake tsagewa ba, wani kafinta kuma ya ce zai fafe mini sabo da icen ƙirya. Wace shawara za ku ba ni? Daga wani maharbi, Ɗorayi, Kano.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abu na farko, ina roƙonka ka ajiye bindigar nan, kada a sake harba ta sai an gyara, kuma ka warware robar yau ɗin nan. Roba tana riƙe gumi da raɓa a jikin bututu, kuma tsatsar da za ta ci a ƙarƙashinta ba za ka gan ta ba sai ta yi rami. A bindiga mai baki biyu bangon bututu siriri ne a daidai wurin, kuma nan ne hannunka yake.

Dalilin da ya sa na ce a ajiye ta shi ne, a irin bindigarka mai karyewa a tsakiya, katakon gaba ya wuce wurin riƙo. A cikinsa akwai wani ƙarfe da ke maƙale a ƙugiyar da ke ƙarƙashin bututu, gindinsa kuma yana dafe da gangar bindiga. Shi ne yake hana bututun faɗuwa idan ka karya ta, kuma a yawancin waɗanda ba su da kunnuwa a waje, wato 'yan gudumomin da ake ɗanawa da yatsa, shi ne yake ɗana bindigar yayin buɗewa, ya taimaka wajen turo kwanson harsashi. Saboda haka motsin da kake ji zai iya zama na katako ne kawai ya saki ƙarfensa, wanda gyaransa mai sauƙi ne, zai kuma iya zama alamar cewa ƙugiyar ta ci, ko ma mahaɗar bututu da ganga ta yi sako-sako. Akwai gwajin da za ka yi a ɗaki bayan ka tabbatar babu harsashi a ciki: ka cire katakon gaba ɗaya, ka bar bindigar a rufe, ka riƙe ta ta gindi ka girgiza a hankali. Idan ka ji ƙas-ƙas tsakanin bututu da ganga, to ciwon ya wuce katako, kuma sabon mariƙi zai ɓoye shi ne kawai.

Tsagewar kuwa ban yi mamakinta ba, domin yanayin Kano yana wahalar da katako. A watan Agusta iska cike take da danshi, katako ya sha ya kumbura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ya zo ya tsotse shi har ƙofofin ɗakunanmu su riƙa barin kafa. Katako yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ƙarfen da ke cikinsa kuwa ba ya bin sa, sai kusar da ta haɗa su ta zama kamar tsinken da ake fasa ice da shi. Shekara bayan shekara ana wannan ja-in-ja, wata rana sai ya buɗe daga wajen kusa, daidai inda ka ce naka ya fara. Abu na biyu da ke kashe katakon bindiga a wurinmu shi ne baƙin mai. Maharba da yawa suna shafe bindiga da man inji don gudun tsatsa, sannan su jingine ta, man ya gangara ya shiga katako ya mayar da shi baƙi mai laushi, har kusa ta kasa kama shi. Na ga haka a bindigar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wadda katakonta ya kai ana iya tura farce a cikinsa a kusa da ƙarfe, alhali shi yana ganin kulawa yake yi mata.

Shawarar yaranka ta fito ne daga ƙauna, amma ban goyi bayanta ba. Mariƙin ƙarfe a bindiga mai baki biyu zai ƙona maka hannu a bazara, ya daskarar da shi da asubar hunturu, ya kuma yi ƙara duk lokacin da ya taɓi reshe, kai kuwa ka fi ni sanin abin da ƙara take yi wa farauta. Sannan bindigar tsuntsu ana yin ta ne da ma'auni, nauyinta ya zauna a tsakanin hannu biyu, kusa da mahaɗa, domin ta bi zabo ko fakara da zarar sun tashi. Idan aka ɗora mata ƙarfe a gaba, hannun da ya saba da ita shekara da shekaru zai riƙa makara. Mafi muni shi ne idan aka ce za a yi walda ko a huda wani abu a jikin bututu. Bututu biyun nan da ƙugiyar da ke ƙarƙashinsu galibi da dalma ko makamancinta aka haɗa su, kuma wutar walda za ta sake su. Wannan kada ka yarda da shi ko da kyauta ne.

Ƙirya kuma ice ne na kirki, shi ya sa ake yin turmi da ƙotar fartanya da shi, maƙera kuma suke neman gawayinsa. Sai dai taurin nata ne ya sa ba ta dace da nan ba. Tana da nauyi, tana da wuyar fafewa, kuma cikin mariƙin gaba aiki ne na sassaƙa mai laushi, inda dole ƙarfe ya kwanta a gurbinsa ba tare da rata ba, bangon katakon kuma ya yi siriri a gefen bututu. Masu ƙera irin bindigarka a Turai sun fi amfani da icen da suke kira walnat, saboda bai cika nauyi ba, yana karɓar sassaƙa, kuma ba ya yawan motsi idan ya bushe. A cikin itatuwanmu, wanda na fi natsuwa da shi a wannan aiki shi ne maɗaci, muddin ya bushe sosai. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin katakon da aka sauke daga mota jiya a 'Yan Katako ta Na'ibawa, musamman wanda ya taso daga kudu, yana ɗauke da ruwan da hunturu ɗaya zai fitar, ya bar maka mariƙi a karkace. Masu aikin katako suna ƙiyasta shekara guda ta bushewa a inuwa ga kowane inci na kauri. Mafi kyau shi ne a samu guntun tsohon maɗaci daga tsohuwar ƙofa ko gado da ya ga damina da hunturu da yawa a cikin garin nan, a zaɓi wanda jijiyarsa ta miƙe daga kai zuwa gindi, babu ƙulli, babu ido.

Amma kafin a kai ga sabo, a fara duba ko na asalin zai gyaru, domin babu wanda zai zauna a bindigar kamar wanda aka yi ta da shi. Idan tsagar a miƙe take kuma katakon bai ruɓe da mai ba, gwani zai cire ƙarfen, ya fitar da man da ke cikin tsagar, ya cusa gam mai haɗi biyu irin wanda ake gaurayawa, ya matse shi ya kwana, wani lokaci ya saka siririn ƙarfe a ciki ta inda ido ba ya gani don ya riƙe ɓangarorin biyu. Gyaran da aka yi haka yakan fi katakon da ke kewaye da shi ƙarfi. Gam ɗin ruwa mai kamawa nan take da ake sayarwa a kan tebur bai dace ba, domin yana bushewa kafin ya kai ƙasan tsaga, sannan ya toshe hanyar gam na gaskiya. Wurin mayar da kusoshi kuma a ɗaure su har su zauna, a tsaya. Ƙarin rabin juyi da ake yi don samun natsuwa shi ne yake fara sabuwar tsaga.

Saura tambayar wanda zai yi aikin, kuma a nan doka ta shigo. Dokar 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, da na ƙashin kai irin taka waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da na gargajiya masu ɗuri ta baki waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ba ta bar gyaran bindiga ga kowa ba, sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko a wurin wanda aka ba izinin gyara. Lasisinka na mallaka ne, bai ba kafinta ko mai walda damar karɓar bindigarka ya ajiye a shagonsa ba, kuma idan aka same ta a can, shi da kai duka kun shiga magana. Don haka, Baba, ka ɗauki takardunka kaɗai, ka bar bindigar a kulle a gida, ka je hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai ka nemi sashen da ke kula da lasisin bindiga. Ka tabbatar da matsayin lasisinka a yau, domin an yi ta sauya umarni a kan lasisi a 'yan shekarun nan, sannan ka nemi su nuna maka wanda aka yarda ya yi gyara da yadda za ka kai masa ita. Idan har sai an sassaƙa sabon katako, shi mai izinin ne zai nemi kafintan da ya yarda da shi, a yi aikin a ƙarƙashin idonsa.

Idan ta dawo, ka raba wa ƙarfe mansa, katako nasa. Ƙarfe a goge shi da ɗan tsumma mai ɗigon man bindiga ko man keken ɗinki, har ya yi sheƙi ba tare da ya jiƙe ba. Katako kuma a shafa masa man linsid da masu fenti ke sayarwa, ɗigo biyu ko uku a tafin hannu, a murza har ya shige, a goge saura, sau ɗaya kafin hunturu ya kama, sau ɗaya kafin damina ta sauka, har da cikin mariƙin inda yake kallon bututu, domin ta nan danshi ya fi shiga. Kada ka bar ta a cikin mota a rana, kada ka rataye ta a bangon da ke tsotsar ruwa, kuma bayan an shafa mai ka ajiye ta bakinta ƙasa na kwana ɗaya ko biyu don abin da ya yi saura ya gangara waje. Harsasai a ajiye su a wani wuri daban mai makulli, inda jikoki ba sa kaiwa.